Fayil Ɗin Hawa na Uku

Fayil ɗin ya ɓace tsakanin yammacin Juma'a da safiyar Litinin. Kafin a buga ƙararrawar shiga aiki, duk masana'antar kwalin ta gama yanke wa 'Yar Wata Uku hukunci.

Ba ƙaramin fayil ba ne. Wata biyu ke nan da sayar da kamfanin, sababbin masu shi kuma suka ce ma'aikata sun yi yawa. A cikin fayil ɗin akwai sunayen mutum arba'in da ɗaya da za a sallama ranar Laraba, ranar miƙa ragama, da sa hannun Darakta da hatiminsa. Mutum uku kaɗai suka san sunayen: Darakta, Mataimakinsa, da yarinyar da ta buga takardar. Ita wani kamfanin samar da ma'aikata ne ya turo ta ta riƙe ofishin Darakta har a gama sauyin. Ita ke buga wasiƙu, ta tsara taro, ta ɗaga waya ta ce "yana ganawa" ko da yana zaune ya rafka tagumi. Wata uku aka ɗiba mata, shi ya sa ba wanda ya wahalar da kansa riƙe sunanta.

"Ai ba sai an duba ba," in ji masu ɗinkin kwali a bakin famfo. "Baƙuwa ce. Me ta haɗa da mu?"

"Sayarwa za ta yi, kowa ya zo ya ga ko yana ciki."

"Shiru-shirun nan nata ni dama bai kwanta mini ba. Ruwan da ya yi shiru shi ke cin mutum."

Mai Sawu yana jin su ya wuce. Shi ne shugaban masu gadi, shekararsa ashirin da shida a ƙofar kamfanin. Sunan ya samo shi ne tun wata shekara da aka sace naɗin takarda goma, ya bi layin tayar baro har bayan wani garejin da ke ƙetaren titi. Tun daga nan ko cokali ya ɓata shi ake kira.

*

Darakta ya tsufa a wata biyun nan fiye da yadda ya tsufa a shekara goma. Ya nuna durowar teburinsa, ba a fasa ba, ba a ko ƙwarzane ta ba.

"Ina makullin yake kwana, ranka ya daɗe?"

Darakta ya ɗan ji kunya. Ya nuna tukunyar shukar da ke bakin taga. "Ƙarƙashinta. Tun kafin a haifi yarinyar nan nake ajiye shi a can. Yau ma a can na same shi."

"Ɓata lokaci kawai muke yi," in ji Mataimaki, yana kaɗa makullin motarsa. "Tun da aka sayar da kamfani muka rufe hawan nan na uku. Ba mai shara, ba masinja, ko shayi a kan teburin bakin matakala ake ajiye mana. Mu uku ne. Ni ban ɗauka ba, Yallaɓai bai ɗauka ba. Lissafin ai na ɗan aji ɗaya ne. Laraba da safe zan kira 'yan sanda, in kuma rubuta wa waɗanda suka turo ta."

"A ba ni zuwa Larabar," in ji Mai Sawu.

"Me za ka gani a kan siminti? Nan ba daji ba ne."

"Kowa da inda yake barin sawunsa, Yallaɓai. Wani ba a ƙasa yake bari ba."

*

Ya sami yarinyar a ɗan ofishinta, ta haɗa gwiwoyi, hannayenta a kan cinya kamar mai jiran allura. Ba ta wuce ashirin da biyu ba.

"'Yata, ƙarfe nawa kika tashi ran Juma'a?"

"Biyar, Baba."

"Ba ki dawo ba?"

"A'a."

Ya buɗe littafin bakin ƙofa, ya juya mata shi. Sa hannunta ne, biyar da minti arba'in.

Sai hawaye. "Littafina na manta. Wallahi littafin labari ne kawai, saura mini babi biyu, na kasa haƙura har Litinin." Ta jawo jaka ta fito da shi, duk gefensa ya lanƙwashe. "Na ji tsoro in ce na dawo. Kowa kallona yake kamar na kashe mutum."

"Ƙarya ba ta gyara tsoro, ƙara masa ƙiba take yi."

"Na sani. Baba, wannan ne aikina na farko. In suka rubuta wa kamfaninmu cewa na saci takarda, babu ofishin da zai sake ba ni ko kujera. Mamata ita ke goge mini rigar nan kullum da safe. Duk wanda ya shigo gidanmu sai ta ce masa 'yarta sakatariyar Darakta ce. Ba ta faɗin wata ukun."

"Kin san inda makullin durowa yake?"

"Ban taɓa gani ba. In zai buɗe sai ya ce in ɗauko masa ruwa."

Ya dube ta. Ya ga ɓarayi da yawa suna kuka, kukan nasu yakan tsaya in sun ga ana kallonsu. Nata ƙaruwa ya yi.

*

Littafin ƙofa ya nuna mutum biyu sun shigo ran Asabar da hantsi. Na farko shugaban ƙungiyar ma'aikata ne, wanda ake kira Lasifika saboda ko raɗa ya yi sai an ji a ɗakin injina.

"Ni?" Lasifika ya buga ƙirji. "Haba, Mai Sawu! Da ni na sami takardar nan kana tsammanin har yanzu za ka gan ta a ɓoye? Da tuni na manna ta a jikin ƙofar kamfani, na hau tebur ina karantawa!"

"To me ya kawo ka ran Asabar?"

Muryar ta sauka, abin da ba a saba gani ba. "Kayana na zo kwashewa daga loka. Na san ina ciki, ai ba za su bar mai baki ba. Ban so in kwashe a gaban yara ran Laraba, suna kallona da leda a hannu." Ya share hanci da bayan hannu. "In ka faɗa wa wani, ni da kai ne."

Mai gadin Asabar ya tabbatar: Lasifika bai ko kalli matakala ba.

*

Da rana ta take, Mai Sawu ya shiga ɗakin shayi kamar kullum. Nan ne mulkin yayarsa. Ma'aikata na ce mata Inna, shi yana ce mata Yaya, ita kuwa har yau da furfurarsa Auta take kiransa. Tana 'yar shekara goma sha uku uwarsu ta rasu ta bar shi yana rarrafe. Ita ta goya shi, ita ta yi wankau ta sa shi a makaranta, ita kuma ba ta taɓa zama a aji ba. Ta riga shi shiga kamfanin da shekara huɗu, ita ta roƙa masa aikin gadi.

Ta ajiye masa kofi. "Ka rame, Auta. Kana ta hawa da sauka kamar an aike ka."

"An aike ni ai, Yaya."

"Su da suka sayar da mu kamar tsofaffin injina? Takarda ta ɓata, to sai me? Allah ne ya ji kukan mutane."

"Yarinyar za su kama."

Hannunta ya tsaya a kan butar. "Wace yarinya?"

"'Yar Wata Uku. 'Yan sanda, ran Laraba."

"A kan takarda?" Ta juya masa baya tana dirzar tukunyar da ta riga ta fita. "Ba za su yi ba. Barazana ce irin ta manya. Sha shayinka kafin ya huce."

Ya sha. Ya ji sukarin ya yi yawa.

*

Mutum na biyu a littafin Asabar Mataimaki ne. Ran Talata da safe, Darakta ya fita taro, Mai Sawu ya koma ofishin shi kaɗai ya rufe ƙofa. Ya lura tun jiya Darakta yana zaune ƙafafunsa na lilo. An ɗaga kujerar. Darakta gajere ne, Mataimaki kuwa sai ya sunkuya yake shiga ƙofa.

Da ya tare shi da maganar, Mataimaki ya yi fari-fari da ido, sannan ya yi dariyar da ba ta kai ciki ba.

"To na zauna. Laifi ne? Daga Laraba ofishina ne. Na zo na auna labule, na zauna na ji yadda take. Me zan yi da fayil ɗin? Ni na zaɓi rabin sunayen."

Gaskiya ce marar daɗi, amma gaskiya ce. Ɓatan fayil ɗin ba abin da zai jawo masa sai jinkiri.

Mai Sawu ya koma ofishin ya tsaya a tsakiya. Duk hanyoyin sun mutu, saura yarinyar. Ya je bakin taga ya ɗaga tukunyar shukar don ya sake duba wurin makullin, sai ya ji ta yi masa nauyi.

Ya ajiye ta a hankali. Shukar ta sha wuya, rabin ganyenta ya bushe, don wata biyu ba mai kula da ita. Amma da ya tura yatsa cikin ƙasar, sai ya ji danshi. An tsinke matattun ganyen an tara su a gefe guda. A gindin shukar kuma an zuba dafaffen ganyen shayi, an baza shi da kyau, an danna da yatsa.



Mutum ɗaya ya sani a duniya da ke yi wa shuka haka. Haka take yi wa na tagar ɗakinta, haka ta yi wa wannan shekara talatin kafin a hana ta hawan. A bayan labulen ofishin akwai wata 'yar ƙofa da ke fita tsohon ɗakin haɗa shayi na manya, kowa ya manta da ita. Ran Asabar kuwa Yaya takan zo wanke butoci, kuma ba a rubuta ta a littafin ƙofa. Shi da kansa ya ce wa yaransa masu gadi kada su riƙa tsayar da ita.

Ya zauna a ƙasa, a kan kafet ɗin Darakta, ya riƙe kansa.

Yinin nan sau uku yana zuwa ƙofar ɗakin shayi yana juyawa. Da aka tashi aiki ya raka ta tashar mota kamar kullum, ya riƙe mata jaka. Ta yi ta ba shi labarin ciwon gwiwarta. Ya ce a ransa, in ya yi shiru ba mai ganewa har abada. Yarinyar baƙuwa ce, tana da ƙuruciya, za ta warke. Sai ya tuna rigar da ake gogewa kullum da safe.

*

Laraba da safe ya tara su a ofishin Darakta: Darakta, Mataimaki, Lasifika, da yarinyar, wadda ta zo da jakarta a shirye kamar ba za ta koma gida ba. Ya kuma roƙi alfarma a kawo shayi har ciki yau, tunda ranar ƙarshe ce. Yaya ta shigo da faranti ta tsaya a gefe tana zubawa.

"Lasifika bai hau nan ba," in ji Mai Sawu. "Mataimaki ya hau, amma kujera ya zo gwadawa."

Lasifika ya tuntsire da dariya. "Ta yi maka daidai, Yallaɓai?"

"Saura ita ke nan," in ji Mataimaki a fusace, ya jawo wayarsa.

"'Yata," in ji Mai Sawu, "kin taɓa ba shukar can ruwa?"

Yarinyar ta kalli taga a ruɗe. "A'a, Baba. Na ɗauka ta roba ce."

"Ranka ya daɗe, kai fa?"

Darakta ya girgiza kai.

"Wanda ya ɗauki fayil ya san inda makulli yake. Ya ɗaga tukunya, ya ga shukar tana mutuwa. Ɓarawo zai ɗauki abin da ya zo nema ya gudu. Wannan bai iya ba. Ya koma ya ɗebo ruwa, ya tsinke busassun ganye, ya zuba mata..." Ya kalli ƙasa. "Ya zuba mata ganyen shayi."

Shayin da Yaya ke zubawa ya cika kofi, ya malala a faranti. Yaya ta ajiye butar.

"Ya isa, Auta. Kada ka wahalar da bakinka." Ta goge hannu da gefen zaninta ta fuskanci Darakta. "Ni ce, Yallaɓai. Ku sakar wa 'yar mutane mara. Na ɗauka barazana kuke yi, da ban bari ta kwana biyu tana kuka ba."

"Inna!" in ji Darakta. "Ke? Me ya sa?"

"Ran Juma'a na zo ɗaukar faranti a bakin matakala, yarinyar nan ta wuce da takardar a buɗe za ta kai maka. Ni ban iya karatu ba, kowa ya sani. Amma sunan Auta na san shi. Shekara goma sha biyu ina ganinsa a bayan littattafansa, ni ke sa musu bango. Ko a duhu aka rubuta shi zan gane. Na gan shi a sama-sama."

Mai Sawu ya ji kamar an zare masa ƙasa. Ya kalli Darakta, Darakta ya kalli teburinsa.

"Shekara ashirin da shida yana tsaye a ƙofarku, rana da ruwa," in ji Yaya. "Na ce in babu takardar, babu sa hannu, ai babu kora. Na ƙona ta a kan rishona."

Mataimaki ya yi tsaki. "Tana cikin kwamfuta, Inna. Minti biyu za a sake bugawa."

Yaya ta juya ga yarinyar. "Gaskiya ne, 'yar nan?"

Yarinyar ta gyaɗa kai, hawaye na zuba a kan gogaggiyar rigar.

"To," in ji Yaya. Ta ɗauki tsumma ta fara goge shayin da ya zube. "To."

Mataimaki ya ɗaga wayar. Darakta ya miƙa hannu ya danne ta a kan tebur.

"Har ƙarfe sha biyu ni ne Darakta. Ba ɗan sandan da zai shigo nan." Ya dubi yarinyar. "Ki sake bugawa. Sannan ki buga wa kanki takardar shaida, ki rubuta cewa kin riƙe amana, zan sa hannu kafin in sa a ta sallamar."

*

Bayan azahar aka raba wasiƙun. Aikin 'Yar Wata Uku ne ta bi mutane ɗaya bayan ɗaya, kowa ya karɓa ya sa hannu. Waɗanda suka zage ta ran Litinin suna karɓa suna kawar da kai, wata daga cikin masu ɗinki ma ta ce mata, "Yi haƙuri, ƙanwata," kamar ita aka kora.

Ɗakin shayi ta zo a ƙarshe. Mai Sawu na zaune a kan benci ya cire hular aiki, Yaya tana jera kofuna. Tun safe ba su ce wa juna uffan ba.

Yarinyar ta miƙa masa tasa da hannu biyu. "Baba, na gode. Ban san yadda..."

"Je ki gaida mamarki."

Ba ta tafi ba. Saura ambulan ɗaya a hannunta. Ta juya ga Yaya.

"Ai na sani," in ji Yaya. "Wanda ya ƙona takardar manya ai ba a bar shi ba. Kawo."

"Ba don shi ba ne, Inna." Da ƙyar ake jin muryar. "Dama kina ciki. Tun a ta farkon. Sunanki na ƙarƙashin nasa."

Yaya ta karɓi ambulan ɗin ta riƙe shi nesa da fuska, kamar yadda take duba kofi ko ya fita. Ta daɗe tana kallo. Sannan ta zo ta zauna kusa da ƙaninta, har kafaɗarsu ta haɗu, ta ɗora masa shi a kan gwiwa, ta aza yatsa a kan rubutun.

"Auta," ta ce, "ashe haka nawa yake?"